Yaya da Tauraron Gwajin Ido

Yayana direba ne tun ban yi wayo ba. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ta ƙarshe, kuma har yau da nake da jika a makaranta bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. A garejin da ya ƙare aikinsa kuwa ba mai kiransa da sunan yanka. Likita suke ce masa. Bai wuce firamare ba, allura in ya gani kau da kai yake yi, amma Likita, saboda shi yake duba idon direbobi. Da tauraro yake dubawa. Ni ma na daɗe ina ganin abin alfahari ne, har ina ba kwastomomina labari.

Ga yadda abin yake. A gefen arewa akwai taurari bakwai masu haske da suka jeru kamar ludayi, huɗu su ne kan, uku su ne mariƙin. Na tsakiyar mariƙin, daidai inda ya ɗan lanƙwasa, in ka kalle shi sama-sama ɗaya za ka ce. In ka tsaya ka natsu, kuma idonka lafiya lau ne, za ka ga wani ɗan mitsitsi maƙale a gefensa, dishi-dishi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin faɗin farin wata ba. Yaya yana kiran babban Direba, ƙaramin kuma Karen Mota.

A wurin maigidansa ya gaji wannan, wani tsohon direban babbar mota da ya ɗauke shi yana saurayi. In sun tsaya shan iska a hanya, sai tsohon ya nuna masa sama ya ce, "Ranar da ka duba ka ga Direba shi kaɗai babu Karen Mota, ka ajiye makulli da hannunka, kada ka jira a karɓa." Yaya ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe nasihar mahaifinmu. Ya yi shekaru yana jan babbar mota, da tsohuwarmu ta kwanta ciwo sai ya dawo gida ya kama aiki da wani kamfanin bas-bas da ke jigilar ma'aikata da 'yan makaranta. Shi ya riƙe ni har na gama sakandare, shi ya kawo min keken ɗinki na farko a bayan mota, ya naɗe shi da bargonsa. Shagona yana bakin ƙofar garejin nan, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Mutum ne mai tsabtar aiki har ta yi yawa. Gilashin motarsa da kansa yake gogewa da tsohuwar jarida, madubin gefe kuwa in ka taɓa masa, kun yi faɗa ke nan har sati. Ba ya cin abinci a kan sitiyari, ba ya amsa waya, ba ya hon a bayan tsoho. Ko kaza bai taɓa takewa ba. Saboda haka da makarantar 'yan mata da ke bayan unguwarmu ta nemi direba, shi aka ba, kuma da jikata ta shiga makarantar na yi barci har da minshari, don na san hannun da take ciki.

Ludayin ba kullum ake ganinsa a lokaci ɗaya ba. Wasu watanni bayan magariba yake bayyana, lokacin da motoci suka dawo. Wasu watanni da asuba, kafin su fita. Wasu kuma ya yi ƙasa ya ɓuya bayan gine-gine. Duk lokacin da yake sama, Yaya yakan jera direbobi kusa da tankin ruwa, ya tsaya a wani wuri da ƙafarsa ta riga ta sani, ya fara duba nasa idon, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa ka gani?"

"Biyu, Likita."

"Ta ina ƙaramin yake?"

"Ta bayan lanƙwasar."

"Je ka kunna motarka."

A can baya gwajin gaskiya ne, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Sabon direba bai san amsar ba, dole ya zura ido. Akwai wani da ake kira Kofur, tsohon soja, ya ƙura ido har ya yi hawaye ya ce ɗaya yake gani. Yaya ya hana shi fita, ya kai shi asibiti da kansa, aka kuma tabbatar idonsa ɗaya ya tafi. Kofur ya roƙe shi har da kama gwiwa, Yaya ya ce ba zai ba makaho ran mutane ba. Aka mayar da Kofur gadi. Tun daga ranar Manajan kamfanin ya daina tura kowa asibiti duba ido. Me zai kai shi, ga Likita kyauta a tsakar gareji?

Abin da ba wanda ya tsaya ya yi tunani shi ne, tambayar ɗaya ce, amsar ma ɗaya ce, shekara da shekaru. Har mai shayin bakin ƙofa ya haddace. Sabon direba tun bai ajiye jakarsa ba za a ja shi gefe a ce, "In tsohon nan ya nuna maka sama, ka ce biyu, ta bayan lanƙwasar."

Zargina ya fara ne daga shayi. Wata safiya Yaya ya shigo shagona, na miƙa masa flas da kofi, sai ya tsiyaya rabin a kan yadin mutane. Ya ce kofin ne ya goce. Kofi ba ya gocewa a kan tebur. Na goge yadin. Bayan 'yan kwanaki muka haɗu a layinmu da rana tsaka, na buɗe baki zan gaishe shi, sai ya wuce ni ya gaida wata mata da ke bayana da sunana. Da na yi magana ya ce wasa yake min. Yaya bai iya wasa ba, tun muna yara.

Daga nan na fara sa ido sosai. Na ga ya ja hularsa har gira. Na ga ƙarce a gefen hagu na motarsa, dogo, fenti ya ɗaye, ya ce wani mai babur ne. Na ji ya nemi a canza masa hanya zuwa wadda ba ta fuskantar rana da safe, wai ta fi ƙarancin ramuka, alhali kowa ya san ƙarya ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fitarsa. Mutumin da tun da na san shi shi ne farkon fita daga gareji, sai ga shi yana jan ƙafa, yana goge gilashin da ya riga ya goge, har sai motar Dogo ta fita, sannan ya bi bayanta kamar an ɗaure su da igiya. Dogo wani direba ne da Yaya ya koya wa tuƙi, ma'aikatan wata masana'anta yake ɗauka, kuma hanyarsu ɗaya har kusa da makarantar.

Na je gidansa da gangan lokacin da ba ya nan. Falon ya canza. Kujeru duk an tura su jikin bango, ƙaramin teburin tsakiya ya ɓace, an sa ƙwan fitila mai haske kamar na ɗakin tiyata. A bakin ƙofa an shimfiɗa farin buhu, an ɗora baƙin takalminsa a kai. Na tambayi matarsa.

"Ina teburin nan?"

"Ƙafarsa ce ta karye."

"Ƙafar teburin ko ƙafar mai gidan?"

Ta ci gaba da tsince shinkafa ba ta ɗago ba. "Gwaggon yara, ke dai kin cika sa ido."

"Gara ni ina da idon da zan sa. Wa yake karanta masa saƙon waya yanzu?"

"Gajiya ce kawai. Mutum ya yini a titi."

"Ke kike karanta masa?"

"Mijina ne, in na karanta masa laifi ne?"

Na fito na san ta sani. Amma sani a zuci daban, abin da za ka nuna wa mutane daban. Duk wanda na yi wa zancen sai ya ce ai jiya ma Likita ya ga tauraronsa.

A tsakanin nan abubuwa biyu suka faru. Ɓarayi suka kwashe baturan motoci, Manaja ya kafa wata ƙatuwar fitila a kan dogon ƙarfe a tsakiyar gareji, mai haska wurin fes kamar rana. Ni kuma zura zare a allura ya fara gagarata, na je aka auna ni aka ba ni tabarau. Wata asuba na zo shago da wuri saboda ɗinkin kayan makaranta ya taru min, na tarar sun jeru kusa da tanki. Na je na tsaya a bayansu da sabon tabarau, na ɗaga kai. Ga ludayi, amma a koɗe. Ga na tsakiyar mariƙi. Shi kaɗai. Na ƙura ido, na goge tabarau da bakin mayafi, na sake dubawa. Ɗaya. Su kuwa ina ji, biyu, biyu, biyu, har na ƙarshe.

Da farko mai tabarau na zarga, na ce ya cuce ni. Sai na zagaya ta bayan katanga, inda ake jibge matattun motoci, wurin duhu ne, hasken fitilar ba ya kaiwa. Na ɗan jira idona ya saba, na duba. Ga Direba, ga Karen Mota a gefensa, ƙarami amma ba shakka. Na dawo tsakar gareji, ɗaya. Na koma bayan katanga, biyu. Wato tun ranar da aka kafa fitilar nan ba ɗan Adam ɗin da ya ga ƙaramin tauraron daga gindin tanki, ko idonsa na shaho ne. Maza masu gemu, masu iyali, suna jeruwa suna yi wa juna ƙarya da sassafe kafin su ɗauki mutane. Kuma in masu lafiyar ido ba sa gani suna cewa biyu, to shi da ya fara cewa biyu me yake gani?

Akwai malamar kimiyya ta makarantar da take bin motar Yaya tare da yaran, takan kawo min gyaran kaya. Ranar da ta zo karɓar siket ɗinta na ce ta zauna, na tambaye ta tauraron nan.

Ta yi dariya. "Na Baba direba? Ai mun taɓa yin musu a kai. Na ce masa ba biyu ba ne, shida ne."

"Shida kuma?"

"Babban da kike gani, in aka duba da na'urar hangen nesa sai ya rabu biyu. Kowane ɗaya daga cikin biyun nan kuma shi ma biyu ne, sun matsu da juna sosai har ƙaramar na'ura ba ta raba su, sai ta hanyar nazarin haskensu aka gane. Huɗu ke nan, suna zagaya juna. Ƙaramin na gefe shi ma yana da wani ɗan abokin tafiya mai rauni da ido ba ya kamawa. Kuma duka gefe ɗaya suke tafiya a sama, kamar 'yan gida ɗaya. Hasken da kike gani ma ya yi shekara tamanin da wani abu yana tahowa."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce shi biyu ya sani, motarsa ba ta ɗaukar lodi fiye da ƙa'ida."

Wannan kam Yaya ne. Na ce, "Malama, tambayata ita ce, wanda ya ga biyun nan, idonsa ya isa tuƙi?"

Ta ce mutanen da can a ƙasashe da yawa sun yi gwajin ido da shi, amma ba gwaji ne mai wuya ba, a wuri mai duhu mai matsakaicin ido ma yana gani. Kuma ba ya gaya maka yadda ido yake yi in hasken wata mota ya dalle shi, ko abin da yake gani ta gefe. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Baba ba shi da matsala, mutum ne mai son yara. Kwanan nan ma wani wasa ya ƙirƙiro musu. In mun iso danja sai ya ce, 'Yan mata, wane launi?' Su haɗa baki su ce ja, ko kore. Suna jin daɗinsa sosai."

Almakashin da ke hannuna na ajiye a hankali. Na ce, "Tun yaushe?"

Ta kalle ni, na ga dariyar tana sauka daga fuskarta. Ta ce, "Tun farkon zangon nan."

Ranar ban ƙara ɗinka ko maɓalli ba. Na tafi ofishin Manaja. Ɗan ɗaki ne mai fanka mai ƙara, da allon makullai a bango. Ya saurare ni yana wasa da biro.

"Hajiya, Likita fa kike magana. Shi yake duba kowa."

"Shi wa yake duba shi?"

"Yana duba kansa. A gabanmu ma."

"Kai ka taɓa ganin tauraron tun da ka kafa fitilar can?"

"Ni ba direba ba ne."

"Ka tura shi asibiti."

"In na tura shi, sai na tura kowa, kuma ya ji na raina shi. Ki bari zan duba lamarin."

Bai tambaye ni dalilina ba, bai yi mamaki ba, bai ce me kika gani ba. Wanda aka kawo wa sabon labari ba haka yake yi ba. Na fito na samu Dogo a ƙarƙashin motarsa yana duba birki, na tsaya a kan ƙafafunsa.

"Fito."

"Anti, hannuna duk baƙin mai ne."

"Ba gaisawa za mu yi ba. Me ya sa Yaya yake bin bayanka kullum?"

Ya fito yana goge hannu da tsumma, idonsa a ƙasa. "Hanyarmu ce ɗaya."

"Da ma ɗaya ce, kuma da kai kake bin bayansa."

Ya daɗe yana goge hannun da ya riga ya goge. Sannan ya ce, "Ina tafiya a hankali, Anti. Ina barin fitilun baya a kunne ko da rana. In zan sha kwana ina ba da sigina tun daga nesa. Ba abin da zai faru."

"Daga inda kuke rabuwa zuwa ƙofar makaranta fa? Da dawowa da yamma?"

"Ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Saura kaɗan ya yi ritaya, so muke ya sauka da mutuncinsa. Mutumin nan shi ya sa ni a hanya."

Kun ji fa. Kowa ya sani, kowa yana tausayinsa, kuma da 'ya'yan mutane suke yin tausayin. Ba wanda ya je ya tambayi iyayen yaran nan ko sun yarda a ara wa Likita 'ya'yansu har ya yi ritaya.

Masu cewa na tozarta shi a bainar jama'a, su sani na fara zuwa wurinsa shi kaɗai. Da yamma bayan ya ajiye mota na kira shi shago, na rufe ƙofa, na ba shi kujera. Na ce, "Yaya, idonka ba lafiya. Mu je asibiti gobe, ni da kai, ba wanda zai ji."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Manaja ne? Yana son ya ba ɗan 'yar'uwarsa motata?"

"Yara suke gaya maka launin danja."

"Koya musu nake."

"Lokacin da Kofur ya kama gwiwarka me ka ce masa?"

Ya miƙe har kujerar ta faɗi. "Auta, ni za ki haɗa da Kofur? Kofur ɗaya ya gani. Ni yau da asuba biyu na gani, a gaban kowa. Ranar da na ga ɗaya ba sai ƙanwata ta tuna min ba." Ya laluba sakatar ƙofar a wurin da ba ta nan, sannan ya same ta, ya fita.

Washegari na hana jikata shiga motar, na kai ta da kaina. Amma sauran yaran su ma jikokin wasu ne. Na yi niyyar zuwa wurin shugabar makaranta, sai abin ya zo min ta inda ban shirya ba.

Da asubar da ta biyo baya na iso gareji na ga gari ya ɗan haɗa. Ba hadarin ruwa ba, wani dogon gajimare ne ya miƙe a arewa, hasken fitilar Manaja ya mayar da shi fari-fari. Kan ludayin yana waje, amma mariƙin gaba ɗaya ya shige ciki. Ba Direba, ba Karen Mota, ba komai. Na ɗauka yau za a fasa. Sai na ga Yaya ya taho, ya tsaya a wurin da ƙafarsa ta sani, ya saita kafaɗarsa da kusurwar tanki, ya ɗaga kai daidai inda tauraron ya kamata ya kasance. Ya yi jim kamar mai dubawa.

"Biyu," ya ce. "Alhamdu lillahi. Kai, nawa ka gani?"

Direban farko ya kalli gajimare, ya kalli ƙasa. "Biyu, Likita."

Na biyu ma haka. Na uku ko kai bai ɗaga ba. Haushi ya kama ni. Da ya zo kan Dogo na riga shi.

"Ni ma a tambaye ni."

"Ke ba direba ba ce."

"Gajimare na gani, Yaya. Ya rufe mariƙin duka. Babu tauraro a wurin, ko ɗaya."

Yaya bai juyo wurina ba. Ya ce, "Dogo."

"Na'am, Likita."

"Me ke sama?"

Dogo ya kalle ni kamar zai cinye ni. Ya kalli sauran, ba wanda ya taimake shi. Ya ce, "Gajimare ne, Baba."

Yaya ya sake ɗaga kai ya daɗe. Sannan ya juya ya nufi motarsa, ya hau, ya tayar da ita. Na tafi na tsaya a gabanta, ban san ma ko zai gan ni ba. Injin yana ta ruri, ina jin zafinsa a cikina, ba wanda ya motsa. Can sai ya kashe. Ya sauko da makulli a hannu, ya dawo gindin tanki.

"Jiya da ba gajimare, kun gan shi?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Tambaya nake."

Wani daga baya ya ce, "Tun da aka sa fitilar nan ba ya ganuwa, Likita."

"Kuka bar ni ina tambaya kuna amsawa."

"Kai ma kana cewa biyu," in ji Dogo a hankali.

"Ni na ɗauka ku kuna gani," Yaya ya ce. "Na ce tunda kowa ya gani yana nan, to nawa idon ne yake ɗan wasa, zai dawo."

Ya miƙa wa Dogo makullin. "Ka kai mutanenka, ka dawo ka ɗauki yaran, ka ba malamarsu haƙuri a kan latti." Daga nan ya wuce ofishin Manaja, ya ce a nemi mota a kai kowa asibiti a duba shi, shi ne na farko. Manaja ya fara zancen aiki zai tsaya, Yaya ya ce in ya tsaya ya huta. Da ya fito ya bi ta gefena kamar ya bi ta gefen turken fitila.

A asibiti aka ce yanar ido ce ta rufe masa ido duka biyu, kuma ta daɗe. Cikin waɗanda suke ta cewa biyu, aka samu wasu da sai da tabarau za su ƙara hawa mota. Likitan gaske ya ce za a yi masa aiki, zai ga hanya, zai ga fuskar jikokinsa, amma maganar ɗaukar yara a bas ta ƙare. Kamfani ya sallame shi kafin lokacin da Dogo yake ta lissafa masa, ba taro, ba jawabi.

Tun daga nan ni ce abar zagi. Matarsa ta daina amsa sallamata da kyau. Direbobi sun kwashe ɗinkinsu sun kai wani wuri. A unguwa ana cewa ƙanwarsa da ya yi wa komai ita ta kwance masa zani a kasuwa. Ba wanda ya ce Manaja ya yi laifi, ba wanda ya ce masu ƙaryar asuba sun yi laifi. Na ji, kuma in aka maimaita gobe, a gaban motar nan za a sake samuna.

Shi kansa bai yi min magana ba har ranar aikin idon. Matarsa tsoron asibiti take, 'ya'yansa suna nesa, don haka na je ba tare da an kira ni ba. Ya ji muryata a bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata muka tafi. Da aka fito da shi da bandeji a ido ɗaya, wata nas ta zo da magunguna za ta yi bayanin yadda za a riƙa ɗiga masa, ta dube ni ta tambaye shi, "Baba, wannan wace ce a wurinka?"

Ya ce, "Maƙiyiyata ce. Ku ba ta kujera, tun safe take tsaye."

Aka ba ni, na zauna, na karɓi maganin. Sabon direban da aka ba motar makarantar kuwa, kafin jikata ta sake taka ƙafarta a ciki sai da na sa ya kawo min takardar asibitinsa har shago, na sa tabarau na karanta, na kuma kira lambar da ke jiki don in ji ko da gaske can aka ba shi.